Ruwan Dutsi Ba Ya Karanta Takardar Fili

Na ga ka taɓe baki tun ban ce komai ba. Ka ce ambaliya a Arewa? Ka ce wace irin ambaliya a ƙasar da jaki ke jan guga har ya gaji ya tsaya yana tunanin duniya? To gyara tabarma, taubashi, yau da ni da kai ne. Ni Ba'are ne, kuma tun kaka da kakanni muke tsokanar Barebari da Fulani ba tare da an kai mu gaban alƙali ba. Wannan wasan taubasantaka na Nijar har UNESCO ta sa shi cikin gadon duniya a 2014, saboda haka da takardata nake zagi. Yau na faɗaɗa gonar. Ko kai Bakano ne, ko Bagobiri, ko Bazabarme, tunda ka kai wannan layi ka zama taubashina, sai haƙuri.

Bari mu kawar da ruɗani biyu tukuna. Arewar da nake nufi ba ta Sardauna ba ce, tamu ce ta Matankari da Bagaji da Lugu, inda Sarauniya Mangu ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a 1899. Tibirin da zan ambata kuma ba na Gobir ba ne da ke gefen Maraɗi, namu ne na jihar Doso, wanda aka yanke daga gundumar Dogondutsi a 2011 aka ba shi Dumega da Geceme da Kore Mai Ruwa. Ka ji sunan ƙarshen nan? Kore Mai Ruwa. Kakanninmu sun rubuta maka gargaɗi a bakin hanya, kana wucewa cikin bas kana cin rake, ba ka karanta ba.

Dogondutsi, ko Dutsi kamar yadda muke taƙaitawa, yana kan babbar hanyar da ta tashi daga Yamai zuwa Maraɗi da Damagaram, kusan kilomita 270 daga Yamai. Ka ɗaga kai ka ga dutsen da ya ba garin suna, ja, mai shimfiɗaɗɗen kai, ka ɗauki hoto, ka wuce. Abin da ba ka yi ba shi ne ka sunkuyar da kai ka dubi inda garin yake zaune. A cikin kwari yake. Dallol Mawri ke nan, tsohon kogin da ya daina gudu tun kafin a haifi tarihi, ya bar gadonsa shimfiɗe daga arewa har zuwa kogin Isa a wajen Gaya. Dallol kalmar taubasanmu Fulani ce, mu fadama muke cewa. Wato mun tarar da kogi ya tafi unguwa, muka shiga ɗakinsa muka shimfiɗa tabarma a gadonsa. In mai ɗaki ya leƙo sau ɗaya a shekara cikin watan Agusta, sai mu ce baƙo ya yi mana rashin kunya.

Ka ce to ai ruwan da ake yi muku bai kai ya kawo ba, milimita ɗari biyar ko ɗari shida a shekara, abin da Legas ke sha kafin ta karya kumallo? Haka ne. Amma mai ba da bashin da ya zo karɓar kuɗinsa duka rana ɗaya ya fi mai karɓa da kaɗan kaɗan tayar da hankali. Namu ruwan a wata uku ko huɗu yake sauka, kuma ba yayyafi yake yi ba, kwararowa yake kamar an fasa tulu. Ɗauko alƙalami, na san lissafi ba ya cikin abubuwan da aka yabe ka a kansu, amma daure. Milimita 1 a kan hekta 1 lita 10,000 ne. Hadari ɗaya mai milimita 50 ya zuba lita 500,000 ke nan a kan hekta guda, wato tano 2,500, abin da ku can kuke kira duro. A kan fili mai kilomita ɗaya tsawo ɗaya faɗi, tano 250,000. Ka ce ƙasa za ta sha? Wace ƙasar? Hau tudun nan ka buga diddige. Fako ne, ya daskare kamar daɓen tsohuwa, ko ƙusa sai da guduma. Ko rabin wannan ruwa ya gangaro, tano 125,000 ne suka nufo gari a cikin sa'a ɗaya ko biyu, kuma babu wanda ya tsaya yin sallama.

Yanzu za ka gyara murya ka ce ikon Allah ne. Wa ya musa? Amma mu ɗin nan ne muke cewa Allah ya ce tashi in taimake ka, kuma ban taɓa ganin ka bar ƙofar shagonka a buɗe ka tafi barci da sunan tawakkali ba. Ruwan na Allah ne. Gatarin da ya share sabara da geza da kalgo daga kan tudu, wannan da hannun mutum aka riƙe shi.

Ga wani abin da zai ɗaure maka kai. Kowa ya san farin 1973 da na 1984, ruwan sama ya ja baya shekara da shekaru. Hankali zai ce tabkuna su ƙafe, rijiyoyi su yi nisa. Sai masu bincike suka auna rijiyoyin yankin da ke gabas da Yamai suka ga akasin haka: tsakanin 1963 da 2007 ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kusan mita 4. Dalili? An sare daji an yi gonaki, ƙasa ta yi ɓawo, ruwan da a da yake tsayawa a gindin itace ya koma gudu, ya taru a tabkuna, daga can ya nutse. Sama ta rage kyauta, ƙasa ta ƙara gudu. Sannan a 2017 mujallar Nature ta buga wani bincike da ya nuna manyan hadura masu ƙarfi a Sahel sun ninka sau uku tun 1982. Ana kukan targaɗe sai ga karaya. Tudu ya yi sanƙo, ga kuma mai ranƙwashi ya ƙara ƙarfin hannu.

In kana jin duk wannan labarin masu farin gilashi ne, tambayi daminar 2024. Hukumomin Nijar sun ƙirga mutum kusan 400 da suka rasu, fiye da miliyan ɗaya da rabi kuma abin ya shafa. Tsohon masallacin ƙasa na Damagaram, wanda ya tsaya tun ƙarni na 19, ya rushe a farkon Satumba. Aka ɗage komawa makaranta daga 2 zuwa 28 ga Oktoba, domin azuzuwa sun zama ɗakunan kwana. A hamada, in ji ka.

To na ji, ka sauko, amma ka sauko da shawara, kuma na san ta tun kafin ka buɗe baki. Ka ce a gina kwata. Babba, ta siminti, mai zurfin tsayin mutum, a kira gwamna ya yanke ƙyalle. Madalla da injiniya! Ban ƙi kwata ba, wallahi, gari ba ya rayuwa babu magudanar ruwa. Amma zo in nuna maka kwata a watan Mayu.

Akwai wata a bakin layin da na taɓa zama, ba zan faɗi gari ba kada a ce na tona asiri. Ranar da aka gama ta yara har tsere suke a ciki. Shekara ɗaya, mai shayi ya ɗora katako a kanta ya kafa teburi. Mai gyaran babur ya ga inuwa, ya zo da tsohon baƙin mai. Mai nama ya gano cewa ƙashi ba ya bukatar tafiya juji. Iskar hunturu ta kawo nata gudunmawar yashi, awaki suka kawo tasu. Leda kuwa ba a magana, baƙa da fara, ta ruwan sanyi da ta ƙosai, ta shiga tsakanin yashi ta ɗinke shi kamar tabarma. Nijar ta hana shigo da irin wannan leda da sayar da ita tun dokar Nuwamban 2014, amma da alama ba a karanta wa ledar dokar ba. Kafin damina ta uku, wani ya shuka kuɓewa a cikin kwatar, kuma ta yi kyau.

Sai ranar ruwan farko. Hadari ya haɗo daga gabas, iska ta taso da jar ƙura, kaji suka shige akurki. Ka san abin da unguwa ta yi? Kowane gida ya fito da kwandon shararsa da gudu. Na ga wata baba, mutuniyar kirki mai yawan azumi, ta juye tsohuwar katifa a cikin ruwan tana cewa, "Tafi da shi, ɗan albarka." Ya kuwa tafi da shi, ɗan albarkan, har bakin kwalbatin da ke gangare, inda katifar ta yi sallama ta zauna daram. Minti ashirin, ruwa ya juyo. Ya bi layi gida gida yana mayar wa kowa da kayansa, har da riba. Baba ta sami takalmin wani a tsakar gidanta, ni na sami gwangwanin tumatir a ƙarƙashin gado.

Kada ka yi dariya da yawa, na ga buhunan da ke ƙofar gidanka. Kai ne mai cika buhu da yashi ka yi tudu a bakin zaure, ruwa ya karkata ya shiga gidan maƙwabci. Shi ma ya ƙara nasa tudun ya tura wa na gaba. Haka ake miƙa shi hannu da hannu kamar goron ɗaurin aure, har ya isa gidan gwauruwar da ba ta da mai cika mata buhu. Da safe ku taru ku je jaje, kai ne ma a gaba wajen cewa Allah ya mayar da alheri.

Amma ko da unguwa ta tuba ta daina zuba shara, kwatar gari irin Dutsi tana da wani abokin gaba da ba ya jin wa'azi. Ruwan da ya sauko daga tudu ba shi kaɗai yake tafe ba. Yana tafe da yashi da tsakuwa da ƙasar gonar mutane, ya yanka kwazazzabo a hanya, kowace shekara ya ƙara masa faɗi. Da ya iso inda ƙasa ta kwanta, gudunsa ya ragu, sai ya sauke kayan. A ina? A cikin kwatarka mai tsada. Ka yashe a Yuni, ya cika a Yuli. Kana sharar ɗaki, wani yana kan rufi yana zubo ƙasa, kai kuma ka dage sai an sayo maka babbar tsintsiya.

Shi ya sa mutanen Dutsi suka hau sama. A farkon shekarun 2000 ambaliya ta yi wa garin ɓarna mai yawa, sai aka daina kallon ƙafa aka dubi inda abin ke fitowa. Jama'a suka fita kan gangaren tuddan da ke kewaye da gari, masu amalanke suna kawo duwatsu, aka jera su a kan hanyoyin ruwa, aka haƙa rabin wata a kan fako.

Ka ce me? Jera duwatsu? Ka ce wasan 'yar dara ne manya suka koma yi? Na yafe maka, rashin sani ya fi dare duhu. Tsaya ka ga yadda abin yake. Gandarin dutse ba a sa masa siminti, kuma da gangan ne. Ana jera shi a gicciye, a bi daidai inda ƙasa take kai ɗaya, manyan duwatsu a ƙasa, ƙanana a cusa a tsakani. Ruwa ya zo a guje ya ci karo da shi. Bai hana shi wucewa ba, ya dai ce masa, "Sannu da zuwa, sauke kaya ka sha iska." Ruwa ya ratsa ta ƙofofin duwatsu a hankali, yashi da taki su kwanta a baya. Gandari na biyu ya ƙara rage masa zafin kai, na uku ma haka. Kafin ya iso gari ya zama dattijo. Da katanga ce ta siminti, da ya taru a bayanta ya yi fushi, ya haƙe gindinta ko ya zagaye ta gefe, ranar da ta faɗi kuwa a ji a jiki. Duk wanda ya taɓa riƙon ɗan zamani ya san bambancin kulle ƙofa da jan kunne.

Rabin wata kuma rami ne mai siffar sunansa, faɗinsa kamar mita 4, bakinsa na kallon tudu, ƙasar da aka haƙo a tara ta a bayansa ta zama kunya. Ana yin wajen 313 a hekta ɗaya, a jere irin na ɓawon kifi, yadda ruwan da ya kuɓuce wa na sama zai faɗa bakin na ƙasa. Na taɓa tsayawa kan masu haƙarsa a watan Afrilu. Diga na sauka a fako tana tashi da ƙara kamar an bugi ƙarfe, mace ta ɗaure ɗankwali a ƙugu tana kwashe ƙasa da kwano, ga tulun ruwa an rufe da tsumma a ƙarƙashin wata 'yar aduwa da inuwarta ba ta isa kare ba. Na ce a raina wannan wahalar banza ce. Na koma a Satumba, ban gane wurin ba. Kowane rami ya yi gemu kore, ciyawa har gwiwa, ɗan itacen da aka dasa a tsakiya ya miƙe yana taƙama. Tsakanin ramukan kuwa fako na nan yadda yake, ja, tsirara. Kamar an yi wa tudu zanen kalangu da kore. Gani ya kori ji, ni ma da bakin nan nawa na janye maganata, abin da kai ba ka taɓa yi ba.

Kuma ba Arawa ne suka ƙago ba, kada ka ce na cika baki. Aikin Keita a jihar Tawa ya fara a 1984, ya yi shekaru yana farfaɗo da tuddan Adar. Manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso a 1989 suka ga ramukan zai, suka dawo suka gyara nasu ramukan da suke kira tassa. A Maraɗi, tun 1983 manoma suka koma barin kututture ya tofo a gona maimakon ƙone shi, abin da ya kai ga itatuwa wajen miliyan 200 a kan hekta miliyan 5 na kudancin Nijar. Duk sana'a ɗaya ce, a sa ruwa ya yi tafiyar hawainiya. Illarta ɗaya, ba ta da ƙyallen yankawa. Babu mai kiran maroƙa don an jera dutse. Kuma tana son a koma mata: duk shekara sai an mayar da dutsen da ya gusa, an gyara kunyar da ta fashe, an roƙi mai gini kada ya mayar da gandari wurin ɗibar dutse kyauta. I, ana yi. Kada ka dube ni, dubi harsashin sabon shagonka.

Mu gangara ƙasa, wurin tabki, inda na san kana da wata muguwar shawarar. Ka ce a cike tabkunan nan da kududdufai, gidan sauro ne, a yanka filaye a sayar. Sauron gaskiya ne, ban musa ba, zazzaɓinsa na kwantar da yara duk ƙarshen damina, ga tsargiya ga masu wanka a ruwan kwance. Amma tambaya ɗaya. In ka cike tabki, tanon nan 125,000 ina za su kwana?

Tabki shi ne masaukin baƙi na gari. A gefen Dutsi akwai Tabkin Saw, wanda ke cika da damina ya riƙe ruwa har cikin rani. Je ka gan shi a watan Janairu. Lambuna kewaye da shi, salati da kabeji da tumatir, ga dankalin turawa da ya yi wa Dutsi suna a kasuwanni. Shanu na sha, masu bulo na kwaɓa laka, masu kamun kifi na lalube. Ƙawancen da ke tsakanin Dutsi da garin Orsay na Faransa tun shekarun 1990 ma, bayan rijiyoyi da masai, kan wannan noman rani ya ba da ƙarfi. Ruwan da ya so cin gidanka a Agusta shi ne ka saya a tire a Janairu da sunan salati, har kana neman gyara. Wanda ya nutse kuma bai ɓata ba. A cikin fadama, daga Kore Mai Ruwa zuwa Tibiri da Geceme, rijiya ba ta da nisa, taku kaɗan ka tarar da ruwa, shi ya sa kake ganin rake da rogo da mangwaro a wurin da taswirarka ta shafa wa launin toka. Hau tudu ka haƙa, sai ka haɗa igiya da igiya. Can kudu wajen Gaya, inda giginya ta yi daji, an sa Dallol Mawri cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar tun 2004. Duniya na yi masa rajista, kai kana nemo tifa.

Abin da ke kashe tabki shi ne yashin nan dai na tudu. Kowace damina ya ɗan ƙara kwanciya a ciki, tabki ya rage zurfi ya ƙara faɗi, ya koma faranti bayan da kwano ne. Faranti kuwa ba ya riƙe miya: da damina ya malala cikin gidaje, da rani rana ta lashe shi kafin kabeji ya naɗe kai. Yashe tabki aiki ne mai kyau, amma in ba a ɗaure tudu ba, bayan 'yan shekaru sai a sake tara kuɗin.

Na san wani, ɗan'uwa ne na nesa, sunansa ya tsaya a cikina. Ya sayi fili a watan Maris. Wuri shimfiɗe, yashi fari tas mai laushi, araha kamar an tsinta. Wani tsoho mai kiwon awaki ya tsaya yana kallon masu aune, ya ce, "Yaro, nan fa hanyar ruwa ce." Ɗan'uwan nawa ya zaro takarda daga aljihu, mai hatimi biyu da sa hannu uku, ya kaɗa masa a fuska. Tsoho ya ce, "To, in ya zo ka nuna masa." Ɗan'uwan nawa bai tambayi kansa ba wa ya kawo farin yashin nan mai laushi, ya shimfiɗa shi haka sumul babu ko kara. Ya yi gini, ya yi fenti shuɗi, ya sa ƙofar ƙarfe. Shekara biyu ruwa ya bi ta wani gefe, mutumin yana ta yi wa tsoho dariya. A ta uku, cikin dare, ruwa ya zo. An fitar da yara ta taga, Allah ya kiyaye rai. Takardar kuwa an same ta da safe, tana cikin leda, ba abin da ya same ta. Har yau tana nan, hatiminta biyu.

Ka ce a yi madatsar ruwa a huta? Kandaji, a kan kogin Isa, an aza tubalinta tun 2008, je ka tambayo ko an gama. Balle fadamar da ba kogi ke gudu a cikinta ba, tabkuna ne a jere kamar carbi, ga rana da ke shanye fiye da mita 2 na ruwan da ke buɗe a shekara. Kuma madatsa in ba a kula da ita ba, ita ce babbar ambaliya. Nan zan ajiye wasa, domin taubasaina Barebari sun ga abin da ya fi ƙarfin zolaya ranar 10 ga Satumban 2024, da madatsar Alau ta ɓalle ruwa ya shiga Maiduguri, shekara 30 bayan ta yi irin haka a 1994. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu.

To, mu koma kanka.

Ka ce duk wannan aikin hukuma ne. Wace daga ciki? Tudu na ma'aikatan gandun daji ne. Gona ta mai gona ce, da sarki da hukumomin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa. Kwata ta ma'aikatar magajin gari ce, kwalbatin babbar hanya na masu hanyoyi ne, tabki na masu lambu ne da makiyaya da masunta da masu bulo, kowa na cewa na kakansa ne. Dokar ruwa ta 2010 tana nan a rubuce. In gida ya faɗi, akwai ma'aikatar agaji mai kawo shinkafa da tabarma da bargo. Kowa da rabonsa, an yanka ruwa gunduwa gunduwa kamar naman layya. Shi kuwa bai san an yanka shi ba. Ɗigon da ya faɗi a kan tudun Matankari bai san sunan ko ofis ɗaya ba. Da aka raba Tibiri da Dutsi a 2011 ba a aika masa da takarda ba, kuma ko an aika, ka riga ka san yadda yake yi da takarda. Mai sare sabara a sama da mai kwashe ruwa da ƙwarya a ƙasa ba su taɓa zama tabarma ɗaya ba, alhali igiya ɗaya ta ɗaure su. Lokacin zaman kuwa Fabrairu ne da Maris, sa'ad da diga ke shiga aiki, kwata ke bushe, tabki ya ja baya ana ganin gindinsa. Amma wa zai zo taron ambaliya a Maris, ana neman inuwa? Mun fi gaiwa iya barci. Ita ta shige laka ta naɗe ta jira damina, amma aƙalla in ruwan ya zo ta iya iyo.

Na ga kana miƙewa kana kaɗe riga. Ka ce kai dai ba ruwanka. Kai, taubashi, duk kalmomin Hausa ka rasa wadda za ka ɗauka sai wannan? Ba ruwanka? To na wa ne wannan da ya kai maka ƙauri a tsakar ɗaki bara, kana tsaye kan gado da buhun gero a ka, uwargida na riƙe da fitila tana tuna maka ranar da ta ce a yashe kwata ka ce ina ruwanka? Ga shi nan ya zo da kansa ya ba ka amsa. Ajiye buhun, karɓi shebur. A'a, ba wannan ba, wannan na cika buhun yashi ne, na gane shi.